Hoton Da Malam Jabbi Ya Ƙi Karɓa

Ku 'yan jami'a na yanzu, masu jan waya a hannu kamar carbi, kullum kuka bi ta gindin dogon-yaron da nake zama sai wani ya jefo mini magana: "Baba Kar-ka-motsa, har yanzu ana neman mai danna maɓalli?" Ni dai sai in yi dariya, don haƙorana na gaba nawa ne, ba ni da abin ɓoyewa. Amma tunda masu jaridar ɗalibai sun matsa mini in faɗi abin da na gani a sana'ar hoto cikin makarantar nan, to ku gyara zama. Ba labarin manyan baƙi zan ba ku ba, ko da yake na ɗauki manya har kyamarata ta koyi rusunawa. Labarin Malam Jabbi zan ba ku.

Wata Talata da hantsi ina goge idon kyamara, sai ga mutum ya tsaya a kaina da ambulan a hannu. Dogo ne, siriri, ƙurar alli ba ta gama fita daga hannun rigarsa ba. Ya yi sallama da muryar wanda bai karya ba.

"Malam Manu, ka gane ni?"

Na ce, "Wanda duk yat taɓa tsayawa gaban kyamarata, ko kada ya koma cikin gulbi ina gane shi. Jabbi na, ɗan ajin farko, mai kawo muna albasa in an dawo hutu."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan bencina ya miƙo mini takardar. Yana koyar da lissafi ne a wata sakandare kusa da Argungu, shekaru masu yawa. Kwamitin tantance malamai ya rubuto wa jami'armu yana tambaya ko ya gama karatu a nan, jami'a ta amsa cewa babu sunansa cikin waɗanda aka yaye. Shi kuwa, kamar da yawa daga 'yan ajin farko, takardar sakamako ta wucin gadi kawai ya karɓa. Lokacin ba a buga ta ainihi ba, ya samu aiki da wadda ke hannunsa, yau zan koma gobe zan koma, har furfura ta fara leƙo shi.

Ya ce, "Kwana goma sha huɗu anka ba ni, yau saura tara. In ban kai shaida ba aiki ya tahi. Sun kuma ce takardar jabu magana ta ta 'yan sanda. Ɗiyana suna makarantar da nike koyarwa, Malam Manu. Gabansu za a ce ubansu ɓarawon takarda na."

Na tambaye shi ko ya je ofishin rajistara. Ya je. Kwamfuta ba ta san shi ba. Tsofaffin fayilolin kuwa, waɗanda aka kwaso daga tsohon matsuguni, ruwa ya ci rabi, gara ta yi lissafin sauran. Wani akawu mai tausayi ne ya raɗa masa, "Tahi ga Kar-ka-motsa, shi adda hotunan allon sakamako."

Kafin ku gane dalilin da mai digiri zai zo neman shaida wajen mutumin da karatunsa ya tsaya a firamare, sai na mayar da ku Argungu.

A shagon Alhaji Nomau na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi ban taɓa kyamara ba. Aikina riƙe labule, wani yadi mai zanen bene da jirgin sama da muke ratayawa bayan mutum, don wanda bai taɓa wuce Gwandu ba ya fito kamar ya sauka daga Jidda. Kyamarar Alhaji baƙa ce mai cin fim, nauyinta kamar dutsen niƙa, wuyana na hagu har yau ya fi na dama tsawo saboda ita. A bakinta akwai zobe da ake murzawa da hannu, shi ne saiti. Ka murza daidai, fuska ta fito har ka ƙirga gashin gira. Ka kuskure da faɗin farce, mutum ya koma hayaƙi. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an kai shi Sakkwato an wanko. Kwana uku kana cin tuwo da zullumi. Ku yanzu kuna ɗauka ku duba ku goge ku sake, sau arba'in, har wanda ake ɗauka ya tsufa a tsaye. Mu sau ɗaya muke dannawa, da bisimilla.

Aikina na farko da hannuna wani masunci ne da ya kamo giwan ruwa wadda sai mutum biyu suka ɗauko ta. Ya rungume ta, ya ƙi murmushi don kada a ce yana alfahari, na danna. Da hoton ya dawo daga wanki, ga masunci, ga kan kifi, ga ciki, babu wutsiya. Na yanke ta. Alhaji bai zage ni ba, cewa ya yi in kai wa mai shi da kaina. Mutumin ya duba, ya juya hoton baya ko wutsiyar tana can, sannan ya miƙo mini.

"Yaro, wanga rabin kihina na. In ka samo sauran ka kawo."

Na dawo shago zan yaga shi, Alhaji ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ba a yaga hoto. Mai shi ya ƙi shi yau, kai ka san gobe?" Ya sa na ɗauko ambulan, na sa hoton tare da yankin fim ɗinsa, na rubuta ranar da abin da zai tuna mini da mutumin a baya. Ya nuna mini gwangwanin madara babba, cikinsa da ƙullin ɗanyar shinkafa a tsumma. Shinkafar ita ke shanye laima, don a ƙasar fadama damina ba ta barin fim ya zauna lafiya. Duk shekara bayan girbi a kwance tsohuwa a ɗaura sabuwa. Gwangwanayen nan Alhaji yana kiransu 'yan ƙi-karɓa. Na ɗauki al'adar kamar yadda ake ɗaukar tari daga maigida, ban tambayi amfaninta ba.

Da aka buɗe jami'ar nan na tattara na zo Birnin Kebbi. Ba wannan wurin da kuke ciki ba, tsohon matsuguni, ginin wata makaranta da aka ara. Ƙanƙantarta ta kai in shugaban jami'a ya yi atishawa a ofis, maigadi a bakin ƙofa ne ke yi masa addu'a. Ɗakin karatu da ɗakin shan magani bango ɗaya ya raba su, kana karatu kana jin ana yi wa abokinka allura. Ranar rantsar da ɗaliban farko rigunan bikin ba su kai yawan mutane ba, sai na yi layi: wannan ya sa, in danna, ya tuɓe, na baya ya sa da zufar na gaba. Hular nan mai kusurwa huɗu ta hau kai ɗari a yini ɗaya, har ta fara fahimtar darasi. Iyaye suka zo daga ƙauyukan gulbi da kwanukan shinkafa da soyayyen kifi. Wani tsoho ya ƙi tsayawa kusa da 'yarsa sai da ya je ya wanke ƙafa, wai kada laka ta shiga hoton boko. A ranar ne, saboda yawan cewa mutane kar su motsa da nake yi, sunana ya koma Kar-ka-motsa.

Aikin allo kuwa daga baya ya zo. A lokacin babu duba sakamako a waya. Majalisar jami'a ta amince, sai a buga a takarda, shugaban sashe ya sa hannu ya buga hatimi, a liƙa a allon sanarwa. Allon katako ne a fili, ba gilashi, ba rumfa. Sau da yawa cikin hutu ake liƙawa. Kafin ɗan Yauri ko ɗan Kamba ya samu mota ya iso, ruwa ya wanke rabi, wanda ya faɗi jarrabawa ya yage nasa shafin, na ƙasa kuma awaki sun cinye. Awakin tsohon matsuguni sun fi kowa digiri a jihar nan, akwai wani bunsuru da ya gama sashe uku a wuni ɗaya. Sai na ga ƙofa. Duk ranar da aka liƙa, da sassafe kafin rana ta haske takardar, in je in ɗauki kowane shafi ɗaya bayan ɗaya, in wanko manya, in jera a kundi. Wanda ya makara ya zo gindin bishiya ya duba.

Aikin yana da ƙa'ida. Rubutun injin buga takardu ƙanana ne, saboda haka nakan auna tsakanina da allo da igiya mai ƙulli, in murza zobe har harafi ya fito kamar ƙaya, sannan in ɗaure zoben da salatif don kada ya gusa ina tafiya daga shafi zuwa shafi. Kuma ba na yanke gindin takarda, inda hatimi yake. Wutsiyar kifi ɗaya ta ishe ni har abada. Ku riƙe maganar salatif ɗin nan, za mu dawo kanta.

Sai muguwar shekara ta zo. Malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta wata da watanni. Ciyawa ta rufe allo, awaki suka rame don babu sakamako. Na rataye kyamara na koma fadama noman shinkafa tare da surukina. A ƙarshen daminar gulbi ya cika ya tumbatsa. Lokacin ina zaune a wata unguwa ta gangare, kusa da fadama. Da safe ne, rana ta fito sarai, muka ga ruwa yana shigowa ta ƙofar gida a hankali kamar baƙon da ya san hanya. Kafin a naɗe tabarma ya kai gwiwa. Uwargida tana kiran in ɗauki katifa da buhun gero, ni kuwa na sungumi akwatin ƙarfe na ɗora a ka. A cikinsa duk abin da nake ganin mai daraja yake: kundayen allo, fina-finansu, hotunan manyan baƙi. Na yi taku kamar ashirin a titi, ƙafata ta faɗa lambatun da ruwa ya ɓoye. Na nutse har wuya, akwati ya kife, murfi ya buɗe.

Mun tsamo abin da muka iya. Na shanya a kan rufin makarantar da aka tsugunar da mu, amma fim in ya sha ruwan laka ya kwana, haɗewa yake yi kamar danƙo. Ka ɓamɓare, hoton ya biyo yatsanka. Fuskokin manya suka narke, har da wani mai rawani da ya koma kamar an zubar da kunu. 'Yan ƙi-karɓa kuwa ko tunawa da su ban yi ba. Suna cikin buhu rataye a azara, inda na jefa su don kada su tare mini wuri.

Wannan duk na faɗa wa Malam Jabbi a kan benci, ban rage masa komai ba. Ya ce, "Mu dai duba abin da yar rage."

Kwana huɗu muka yi muna dubawa a gidana na yanzu a Badariya. Da safe ya taso daga Argungu a motar haya, mu shimfiɗa tabarma a zaure, in riƙa ɗaga guntayen fim ga hasken ƙofa, shi yana buɗe shafukan kundi da suka manne da bakin reza. Muka samu sakamakon sashen tarihi, na shekarar da ba tasa ba. Muka samu rabin sanarwar hana ɗalibai shanya a kan shingen masallaci. Na nasa sashen, shekarar gamawarsu, muka samu kundin, amma shafukan sun zama dunƙule guda, ka ce ƙosai ne. Kullum da la'asar sai ya karkaɗe riga ya ce, "Saura bakwai." Kashegari, "Saura shida." Na yi ta ƙoƙarin in sa shi dariya, na ba shi labarin bunsurun nan mai digiri uku, ya ce, "Da shi ma an tantance shi da ya san duniya." Iyakar abin da na samu ke nan.

Ran Lahadi, saura huɗu, uwargida ta aiko mana da tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya zauna yana kallon kwano.

"Malam Manu, akwai maganar da nis so in yi tun ran Talata, kunya ta hana ni."

"Ci tuwo tukuna, kunya ba ta son yunwa."

"Ranar da anka liƙa sakamakonmu ina nan. Na zo da safe, na iske ka ga allo. Da nig ga sunana sai nic ce ka ɗauke ni nan take, ina nuna shi, in kai ma tsohona. Kac ce in jira ka gama, nic ce mota za ta bar ni. Ka ɗauka." Ya sunkuyar da kai. "Da nid dawo karɓa, fuskata ba ta hito ba. Na yi maka rashin kunya gaban mutane. Na ce wanga ba ni na ba, aljani ka ɗauka. Na jefa maka shi bisa tebur. Na san ka daɗe da yada shi, shi as sa ban tada maganar ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Zagin ban tuna shi ba, don a sana'ar nan an kira ni abin da ya fi haka, wata ta taɓa cewa na ƙara mata hanci. Amma na gane abin da ya faru kamar yanzu aka yi shi. Zoben yana ɗaure da salatif, an saita shi a kan takarda. Yaro ya faɗo tsakanina da allo yana gaggawa, na danna daga inda nake tsaye, na manta ban kwance ba. Kuskuren da ko ɗan koyo na wata uku ba zai yi ba. Idon kyamara bai kalli Jabbi ba ranar, allo ya ci gaba da kallo.

Na ce, "Malam Jabbi, tashi ka riƙe mini tsani."

Buhun yana ɗakin ajiya, a rataye, kamar yadda yake a kowane gidan da na zauna. Gwangwani bakwai. Muka zazzage su a tabarma, ƙullin shinkafa yana gangarawa. Ga amaryar da ta rufe ido, ga ɗan ƙwallon da ya motsa, ga mai hancin nan. A gwangwani na biyar na ga ambulan da rubutuna a baya: ranar, sannan "ɗan albasa, ya ƙi."

Gaskiyarsa, ba shi ba ne. Fuskar kamar an dama fura an watsa a bango, ido da baki duk sun bi juna. Amma bayan kafaɗarsa ga takarda fes, da layukanta baƙi ƙirin. Na ɗauko gilashin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, wanda na gada daga Alhaji Nomau, na duƙa. Shafi na biyu ne na jerin sashensu. Suna biyu ne kawai a kansa, don shafin farko ya cika an tsallako da su. Na sama nasa ne, da lambarsa ta ɗalibi, da darajar digirinsa, yatsansa mai hazo yana tsaye daidai ƙarƙashin sunan, bai rufe ko harafi ɗaya ba. Can ƙasa ga sa hannun shugaban sashe, ga hatimi.

Na miƙa masa gilashin. Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago, ya jawo kwanon tuwo ya fara ci.

Litinin na kai fim ɗin wajen masu kwamfuta a cikin gari aka ɗauko shi aka buga mini babba, faɗin faranti. Talata, saura biyu, muka shiga ofishin rajistara. Wata Hajiya ce ke riƙe da kujerar, mace mai tabarau wadda ba ta zo makarantar ba sai bayan an taso daga tsohon matsuguni. Ta dubi hoton, ta dube mu.

"Malam Manu, na san ka, kuma ban taɓa jin an ce ka yi ha'inci ba. Amma a zamanin nan yaro da waya zai iya sa sunana a jerin matuƙan jirgin sama. Hoto ba shaida ba ne."

Na ce, "Ranki shi daɗe, gaskiya ta. Shi as sa ban zo da hoto shi kaɗai ba, na zo da uwarshi."

Na zaro yankin fim ɗin daga ambulan. Masu wanki a Sakkwato hoto huɗu-huɗu suke yanka fim, kuma ni ba na raba yanki, yadda ya zo haka nake ajiye shi. Fim yana da maƙwabta, abin da aka ɗauka kafinsa da bayansa suna manne da shi har abada, ba a cusa baƙo a tsakani. Na roƙe ta ta zo bakin taga. Ta ɗaga shi ga haske, na ba ta gilashin agogo. Na gaban hoton Jabbi shafin farko ne na jerin sashensu, wanda na ɗauka kafin ya faɗo mini. Na bayansa kuma tsohuwar ƙofar makaranta ce, da maigadin da ya rasu tun kafin a taso.

Ta aika a kawo fayil ɗin sashen. Aka kawo shi yana warin laima. Shafin farko yana ciki, gindinsa ruwa ya cinye, shafi na biyu babu shi. Ta jera takardarta da fim ɗina, tana bin sunaye da bakin biro, ɗaya bayan ɗaya, har da inda injin ya tsallake harafi aka gyara da hannu. Duk sun dace. A gindin shafin, wurin da nata ya ruɓe, nawa yana nan da rubutunsa: jimlar waɗanda suka gama, ashirin da uku. Ta juya ga akawu.

"Nawa ne a kwamfuta?"

Ya duba. "Ashirin da ɗaya, ranki ya daɗe."

Wanda ya shigar da sunaye a kwamfuta shekarun baya abin da ya tarar ya shigar, bai san akwai shafi na biyu ba. Hajiya ta sake ɗaukar babban hoton, ta nuna hazon nan mai yatsa.

"Wannan dusu-dusun kuma wane ne?"

Malam Jabbi ya miƙe tsaye. "Ni na, ranki shi daɗe."

Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta karanta suna na biyu da ke ƙarƙashin nasa, Hauwa'u, ta tambaya ko ya san inda take, don ita ma kwamfuta ba ta san ta ba. Ya ce ya sani. Ta rasu shekara biyu bayan sun gama, ba ta kai ga neman aiki ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambaya. Mahaifinta yana nan da rai, manomin shinkafa ne a wani ƙauye gaba da nasu. Sai na tuna tsohon nan da ya je ya wanke ƙafa. Ban tabbata shi ne ba, ban kuma tambaya ba.

Hajiya ta ce wa akawu, "Rubuta su duka biyu. A kai wa majalisa gyaran, amma wasiƙar kwamiti yau za ta fita, ni zan sa hannu. Ita ma a buga tata takardar." Ta dubi Malam Jabbi. "In ta fito, kai za ka kai wa mahaifinta."

Ya ce, "Da hannuna, in Allah ya so."

Wasiƙar ta isa kwamiti ran Laraba, saura kwana ɗaya. Hajiya ta so in bar mata fim ɗin a ofis, na ce ta yi haƙuri, ofishinta ya taɓa ajiya mun ga yadda aka yi. Ta yi dariya, ta ce a buga mata manya biyu a sa a fayil.

Bayan girbi sai ga Malam Jabbi a gindin bishiyar nan, da buhun albasa a bayan babur, wanda har yau in na yi gyatsa unguwarmu tana hawaye. Yana nan a aikinsa, takardar ainihi tana hannunsa, ta Hauwa'u kuma ya kai. Ya ce tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya sa an karanta masa sunan sau biyu, ya shiga da ita ɗaki.

Na ce, "To tsaya can in ɗauke ka na kirki, da takardarka a hannu. Kyamarar yanzu ita ka saita kanta, ko ina barci ba ta kuskure."

Ya ce, "A'a. Wancan niz zo karɓa."

"Wane? Na aljani?"

"Shi."

Na ba shi hoton, wanda ya jefa mini a kan tebur, da ɗan lanƙwasar da ya yi a kusurwa tun ranar. Ya sa shi cikin littafin darasinsa, ya ɗaure a bayan babur. Fim ɗin kuwa na mayar da shi ambulan ɗinsa. Da na koma gida na sauke buhun, na kwance ƙullin kowane gwangwani, na zuba sabuwar shinkafa ta bana, na ɗaure, na mayar da su bakwai ɗin bisa azara.